Sutura, Jaraba da Kallo: Me Cocin Katolika Ke Koyarwa, kuma Yaya Abin Ya Shafi Mabiyanta a Katsina?

Wata Lahadi da safe, a ƙofar wata majami'ar Katolika cikin garin Katsina, wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata ta tare wata budurwa mai bautar ƙasa da ta zo sanye da wando. Ta zaro zane daga jakarta ta miƙa mata. "'Yata, ɗaura wannan kafin ki shiga." Budurwar ta karɓa da hannu biyu, amma ta ce a hankali, "Mama, a garinmu haka muke shiga coci, Fada bai taɓa cewa komai ba." Ta ɗaura, ta shiga, aka yi sujada lafiya. Bayan an tashi ne maganar ta koma gindin bishiya, inda wasu suka ce Mama ta yi daidai domin doka ce ta Ikilisiya, wasu kuma suka ce babu wannan doka ko a Roma.

Irin wannan muhawara ta yawaita a 'yan shekarun nan, kuma da dalili. A ranar 16 ga Oktoba, 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina daga Dayosis ɗin Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, wato yankin majami'u da ke ƙarƙashin bishof guda, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi kuma masanin harkar sadarwa, ya zama bishof na farko. A ɗaya gefen, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa Hukumar Hisbah, maganar tarbiyya da shigar banza ta dawo bakin jama'a a rediyo da majalisu. Ga kuma wayar hannu da ta shiga kowane gida. Sai ɗan Katolika a Funtua ko Daura ko Kafur ya tsinci kansa yana tambaya: a cikin abubuwan da ake hana mu, wanne ne koyarwar Ikilisiya, wanne ne ƙa'idar majami'armu, wanne ne al'adar gari?

Kunya a bakin Bahaushe da a cikin Katikizim

Kunya a Hausa gona ce mai faɗi. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari kunya take yi, surukin da ya hango surukarsa ya sake hanya shi ma haka. Mafi yawanta jin nauyin idon mutane ne. Littafin Katikizim na Cocin Katolika, wanda ya tattara koyarwar cocin kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1992, ya ɗauki kunya ta wata fuskar a sakin layi na 2521 zuwa 2524. A wurinsa kunya ita ce mai gadin sirrin mutum, ƙin yaye abin da ya kamata ya zauna a rufe. Ta shafi tufafin da mutum ya zaɓa, ta shafi yadda yake kallon wasu, da abin da yake faɗa, da inda ya kamata ya ja bakinsa ya yi shiru. Akwai kunyar jiki, akwai kuma kunyar zuciya, shi ya sa littafin ya ambaci tallace-tallace da kafofin watsa labarai masu baje abin da ke na ɗaki a kasuwa.

Abin lura shi ne wurin da aka ajiye wannan bayani. Yana ƙarƙashin doka ta tara a lissafin Katolika, wato kada ka yi ƙyashin matar maƙwabcinka. Doka ce da ke magana da zuciyar mai kallo. Tushenta kuma maganar Yesu ce a Matiyu 5:28, cewa wanda ya dubi mace da sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Saboda haka duk wa'azin kunya da ya ƙare a kan siket ɗin 'yan mata bai ambaci idon samari da magidanta ba, ya bar rabin koyarwar a ƙasa.

Sakin layi na 2524 kuma ya faɗi abin da ke warware rabin gardamar ƙofar coci: kamannin kunya na sauyawa daga wata al'ada zuwa wata. Katikizim bai ba da awo ba. Bai ce hannun riga ya kai nan ko zane ya sauka can ba. Tomas Akwinas, babban malamin Ikilisiya da ya rasu a 1274, ya riga ya koyar da cewa ana auna dacewar tufafi da al'adar mutanen da ake zaune da su da kuma niyyar mai sawa. Idan aka bi wannan, shigar da ba ta ɗaga ido a Legas tana iya ɗaga shi a Ƙofar Ƙaura, kuma 'yar Katolikar da ta yi la'akari da haka tana cikin koyarwar cocinta.

Jaraba ba ita ce zunubin ba

A nan harshe kansa yana kawo ruɗani. In aka ce wa mutum jarababbe a Katsina an zage shi, domin kalmar ta koma nufin wanda sha'awa ko kwaɗayi ya fi ƙarfinsa. Amma a addu'ar Ubangiji, inda ake roƙon kada a kai mu wurin jaraba, ana nufin abin da ke zo wa mutum yana jan sa. Yesu kansa an jarabce shi a jeji bayan azumin kwana arba'in, Ibraniyawa 4:15 kuma ta ce an gwada shi ta kowace hanya kamar mu amma bai yi zunubi ba. Majalisar Trent, babban taron bishof-bishof na Katolika, a 1546 ta bayyana cewa karkatar zuciya zuwa ga mugunta tana nan ko bayan baftisma, amma ba ta cutar da wanda bai amince mata ba. Sakin layi na 2847 na Katikizim ya maimaita bambancin: jarabtuwa daban, yarda da jaraba daban.

Wannan bambanci yana da nauyi ga matashin da ke latsa waya hoton tsiraici ya faɗo masa ba da nemansa ba. Gani na farko bai zama laifi ba. Tsayawa a kai da gangan, komawa a nemo, ajiyewa don an jima, a nan amincewa ke shigowa. Kafin zunubi ya zama babba mai raba mutum da alherin Allah, sakin layi na 1857 ya ce sai abu uku sun haɗu: abin da aka aikata ya kasance mai nauyi, mutum ya san haka sarai, ya kuma yi da yardar ransa. Firistoci sun daɗe da sanin masu fama da waswasi, waɗanda ke ɗaukar duk tunanin da ya gifta musu a matsayin faɗuwa, su riƙa zarya wurin furta zunubi hankali a tashe. Ga irin waɗannan, koyarwar sauƙi ce da kwanciyar rai.

Sai dai akwai ɗaya gefen. A addu'ar tuba da yawancin 'yan Katolika suka haddace, mutum yana alkawarin guje wa abin da ke kai shi ga zunubi. Malaman ɗabi'a, musamman Alfonsus Liguori da ya rasu a 1787, sun raba wannan gida biyu. Akwai sanadi na nesa, wanda da wuya ya kayar da mutum, kuma babu mai iya guje masa gaba ɗaya sai ya bar duniya. Akwai na kusa, wanda mutum ya san daga abin da ya sha faruwa da shi cewa in ya je zai faɗi. Shiga na kusa da gangan ba tare da wata larura ba laifi ne tun kafin a kai ga aikin. Bahaushe ya san wannan, shi ya sa ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yusufu a Farawa 39 bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, rigarsa ya bari ya gudu. Dauda kuwa a 2 Sama'ila 11 ya hango matar wani daga kan soro, ya aika a bincika, ya aika a kawo ta.

Abin da ya sa ba a iya rubuta jeri guda ga kowa shi ne sanadin kusa ya danganta da mutum. Gidan kallon ƙwallo ga wani hutu ne kawai. Ga wanda ya taɓa cinye kuɗin makarantar 'ya'yansa a cacar ƙwallo, zama kusa da masu duba tikiti rami ne. Akwai kuma wanda sana'arsa ce ta ajiye shi a wurin, kamar ma'aikacin jinya ko mai gyaran waya da ke ganin abin da ke cikin wayoyin mutane. Irin wannan ba a ce ya bar aikinsa ba, an ce ya ɗauki matakan tsare kansa.

Kalma ta ƙarshe da ya kamata a sani ita ce tuntuɓe, wato jawo wani ya faɗa zunubi. Matiyu 18:6 ta ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a jefa shi teku da ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe. Katikizim a sakin layi na 2284 zuwa 2287 ya ce nauyin laifin yana ƙaruwa gwargwadon girman mai jawowa da raunin wanda aka jawo. A yau wanda ya tura bidiyon batsa zauren WhatsApp na matasa ya fi shiga wannan hukunci kai tsaye fiye da yawancin waɗanda ake nuna wa yatsa a bakin coci.

Daga jerin haramtattu zuwa lamiri

Da sinima ta bunƙasa, Ikilisiya ta fara tunkararta da jeri. A 1936 Paparoma Pius na Sha Ɗaya ya fitar da wasiƙa mai suna Vigilanti Cura, ya yaba wa ƙungiyar 'yan Katolikan Amurka da ke rantsar da mabiya su ƙaurace wa fina-finan banza, ya kuma nemi bishof-bishof na kowace ƙasa su kafa ofishin rarraba fina-finai. Akwai kuma tsohon kundin littattafan da aka hana karantawa, wanda aka daina aiki da shi a 1966. Kafin nan, a ranar 4 ga Disamba, 1963, Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da Inter Mirifica, wadda ta kira kafofin sadarwa abubuwan ban mamaki da basirar ɗan Adam ta samar da taimakon Allah. Takardar ta yarda cewa nuna mugunta a labari na iya taimakawa wajen fahimtar halin mutum da ɗaukaka gaskiya, muddin an yi da kamun kai. Ta ɗora wa mai kallo da mai karatu nauyin zaɓe, ta ɗora wa iyaye nauyin lura da abin da ke shiga gidajensu.

Saboda haka fim ɗin da ya nuna zina ko kisa bai haramta don wannan kawai ba, in ba haka ba da an rufe labarin Dauda. Tambayar ita ce ko an nuna don a gane illar abin, ko don a sayar da sha'awarsa. Nishaɗi kansa Ikilisiya ba ta ƙyamarsa. Akwinas ya ce rai na buƙatar wasa yadda jiki ke buƙatar hutu, har ya lissafa rashin fara'a da zame wa mutane nauyi a cikin aibobi.

Wuri guda ne babu sassauci. Sakin layi na 2354 ya kira batsa babban laifi da ke zubar da mutuncin mai yi da mai sayarwa da mai kallo, ya kuma ce hukumomi su hana yi da yaɗawa. Caca kuwa tana da sharaɗi: sakin layi na 2413 ya ce wasan sa'a ba zalunci ba ne a kan kansa, amma ya zama abin ƙi idan ya hana mutum ko iyalinsa abin buƙata, kuma son sa na iya zama bauta. Ga magidancin da ke neman na cefane da kyar, wannan sharaɗi ba ya barin fili mai yawa.

Ra'ayoyin da ke karo a cikin coci

Masu son a tsaurara, galibi iyaye mata na Zumunta da wasu katikis (malaman koyar da addini a coci), suna kafa hujja da 1 Timoti 2:9 kan shigar mutunci, da 1 Korintiyawa 11 kan rufe kai, da Maimaitawar Shari'a 22:5 kan mace da kayan maza. Ƙarfin hujjarsu ya wuce ayoyi. Kiristoci tsiraru ne a jihar, kuma shigar yarinya guda a ranar biki tana iya zama abin da unguwa za ta riƙa auna dukan jama'ar coci da shi. Suna kuma cewa yaro ɗan shekara sha huɗu ba a bar masa "lamiri" kawai, sai an ja masa layi. Inda hujjar ke rauni shi ne wajen kiran ƙa'idar gida dokar Ikilisiya ta duniya. Kundin dokokin coci na 1917 ya wajabta wa mata rufe kai a majami'a, amma na 1983 da ake aiki da shi yanzu bai ɗauko wannan ba. Batun wando ma tsoho ne: a shekara ta 866 mutanen Bulgeriya sun tambayi Paparoma Nikolas na Ɗaya ko matansu na iya sa wando, ya amsa musu cewa sawa ko bari ba ya hana ceto kuma ba ya ƙara nagarta.

Masu son a sassauta, yawanci ɗalibai da ma'aikatan da suka zo daga wasu jihohi, suna jawo 1 Sama'ila 16:7, cewa mutum na duban zahiri Allah kuwa na duban zuciya. Suna ƙorafin cewa nauyin duka a kan mata yake sauka, kuma korar budurwa daga ƙofar coci na iya zama sallama ta har abada. A nan suna da gaskiya mai yawa. Amma "zuciyata tsarkakakkiya ce" ba ta share sakin layi na 2522, wanda ya ce kunya na shiga zaɓen tufafi, ba ta kuma share la'akari da al'adar wuri. A Majami'ar Bitrus da ke Vatican ma ana mai da masu yawon buɗe ido, maza da mata, idan kafaɗa ko gwiwa a buɗe suke.

Abin da ya fito daga haɗa hujjojin biyu shi ne bishof ko Fada na da hurumin sa ƙa'idar shiga majami'a, kuma ya dace a bi ta saboda ladabi da zaman tare. Matsayinta na tsarin gida ne, ana iya sauya ta, kuma wanda ya saɓa mata cikin rashin sani bai zama mai babban zunubi ba. Doka ta 843 a kundin 1983 ta ce ba a hana sakramenti, wato ibadu masu tsarki irin su baftisma da Jibin Ubangiji (gurasar da ake karɓa a sujada), ga wanda ya nema a lokacin da ya dace, cikin shiri mai kyau, kuma doka ba ta hana shi ba. Wannan ya sa hana mutum Jibin Ubangiji saboda ɗankwali abu ne da mai yi zai sha wuyar kare shi.

Kusanci da bambanci da maƙwabta Musulmi

Mai karatu Musulmi zai ga abubuwa da yawa da ya sani. Suratun Nur, aya ta 30 da 31, ta fara umartar maza da runtse ido kafin ta juya ga mata. Suratul Isra'i aya ta 32 ta hana kusantar zina, ba aikata ta kawai ba, kuma ƙa'idar toshe kafar ɓarna da malaman Malikiyya suka shahara da ita 'yar'uwar koyarwar sanadin zunubi ce. Bambancin yana wuri biyu. Fiƙihu ya fayyace iyakar al'aura ga namiji da mace, Katikizim kuwa ya bar awon ga al'ada da lamiri. Sannan a Katsina, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, akwai hukumar gwamnati da ke sa ido kan tarbiyya, alhali Cocin Katolika ba ta da abin tilastawa sai wa'azi, koyarwa da ɗakin furta zunubi. Dokokin laifi na shari'a Musulmi suka shafa, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin addini. Duk da haka kasuwa ɗaya ake ci, Keke Napep ɗaya ake hawa, kuma yawancin matan Katolika 'yan asalin jihar da zane da ɗankwali da gyale suka tashi, ba su jira wata hukuma ta faɗa musu ba.

Inda abin zai fi taɓa mutane

Amare da teloli ne ke fara jin ƙa'idar majami'a a jikinsu. Rigar auren da aka kashe mata kuɗi, aka zo ranar ɗaurin aure aka ce sai an yafa mata mayafi, tana jawo ɓacin ran da za a iya kauce masa idan an yi maganar tun lokacin koyarwar aure. Ga matan da aka ci zarafinsu kuwa, fahimtar koyarwar daidai tana da muhimmanci ƙwarai. Sharuɗɗan zunubi uku suna kan mai aikatawa, kuma Katikizim a sakin layi na 2356 ya kira fyaɗe mugun aiki a kowane hali. Babu inda ya rage laifin saboda abin da matar ta sa.

Amma a Katsina al'ada ta riga ta ɗauke yawancin aikin sutura. Wurin da babu Mama mai zane a jaka, babu Hisbah, babu idon unguwa, shi ne fuskar waya bayan an kashe fitila. Sakin layi na 2496 ya nemi masu amfani da kafofin sadarwa su yi da daidaito da horon kai, na 2223 kuma ya ce iyaye ne malaman farko. Nauyin ya faɗo kan iyayen da da yawansu 'ya'yansu ne ke saita musu wayar. Shi ya sa majami'u ke yawan kawo misalin Carlo Acutis, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 15, wanda Paparoma Leo na Sha Huɗu ya ayyana a cikin tsarkaka a ranar 7 ga Satumba, 2025. Gwanin kwamfuta ne, yana son wasannin bidiyo, kuma shi ya yanka wa kansa ɗan lokacin da zai riƙa yi.

Akwai kuma masu shagon caji da turi, waɗanda a cikinsu akwai matasan coci. Yaro ya zo da memori da 'yan canjinsa ya ce, "Yaya, a cika min." Mai shagon ne ke zaɓen abin da zai shiga: fassarar Indiya, waƙoƙi, wasan barkwanci, ko abin da ke cikin wata ɓoyayyar folda da manya ke tambaya da murya ƙasa-ƙasa. A ma'aunin sakin layi na 2285, ƙarancin shekarun yaron yana ƙara wa mai turin nauyi, kuma cewa yaron ne ya nema ba ya sauke masa shi. Yaron zai koma gida da memorin a aljihu, ya wuce mahaifiyarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ya gaishe ta da ladabi ya shige ɗaki.